Tsokokin ƙasan ƙugu: yadda mace za ta horar da su ta daina zubar fitsari

Mace ta yi alwala, ta shimfiɗa darduma, ta tayar da sallah. Tana cikin ruku'u atishawa ta zo mata, sai ta ji ɗumi a cinyarta. Ɗigo biyu ne ko uku, amma sun isa su mayar da ita bayi, ta sauya zani, ta sake alwala. Idan ta yi ƙarfin hali ta faɗa wa yayarta, amsar da za ta ji ita ce, "Ai haka haihuwa take, kowa da kika gani haƙuri take yi." Gaskiya ne abin yana da yawa, domin kusan mace 1 cikin 3 kan gamu da zubar fitsari a watannin bayan haihuwa. Sai dai yawan masu fama da abu ba ya hana shi zama ciwo, kuma wannan ciwon yana da magani. A mafi yawan mata tsoka ce ta yi rauni, tsoka kuwa ana horar da ita ta yi ƙarfi kamar yadda damtsen mai daka yake yi.

Ki ɗauki ƙashin ƙugu kamar ƙwaryar da aka fafe gindinta. Abin da ya toshe gindin shi ne shimfiɗar tsoka, wadda ta taso daga ƙashin mara ta gaba ta kama ɗan ƙashin da ke ƙarshen gadon baya, ta kuma haɗa ƙasusuwa biyun da kike zama a kansu. A kanta mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji suke zaune. Ƙofofi uku ne suka ratsa ta: hanyar fitsari, farji da dubura. Idan ta tsuke sai ƙofofin su rufe, kayan ciki su ɗago sama. Idan ta saki sai fitsari da bayan gida su samu hanya. Lafiyarta tana cikin iya yin duka biyun, kowanne a lokacinsa.

Wata tara tana ɗauke da nauyin ciki, ranar haihuwa kuma wani ɓangarenta yana miƙewa har ya ninka tsawonsa kusan sau 3 kafin kan jariri ya wuce. Doguwar naƙuda, ƙaton jariri, ƙaruwa, da kwanika da ba ta barin jiki ya farfaɗo, duk suna barin ta a gajiye. Akwai kuma masu cin ta a hankali ba tare da an lura ba: yunƙurin bayan gida mai tauri kowace safiya, tarin da ya ƙi warkewa, ƙiba, ɗaukar kaya masu nauyi, da ɗaukewar al'ada, lokacin da sinadarin da ke sa naman wurin ya yi kauri da laushi yake raguwa.

Ki fara gane wace matsala ce taki

Nan ne mata da yawa suke kuskure. Sun ji an ce "a riƙa matsewa", sai kowa ta kama matsewa, alhali ba kowace matsala ce matsewa ke gyarawa ba, wata ma ƙara ta take yi.

Idan fitsarin yana tsartowa ne lokacin tari, atishawa, dariya, tsalle ko ɗaga abu mai nauyi, kuma ba ki ji yana matsa miki kafin ya fito ba, wannan raunin rufewa ne. Shi ne ya fi jin horon tsoka.

Idan kuwa fitsarin yana taso miki kwatsam da ƙarfi, kina jin ƙarar ruwa a buta ko kina sa hannu a ruwan wanke-wanke sai ki ji kamar zai zubo, wani lokaci kafin ki kai bayi ya riga ya fara, to mafitsarar ce ta saba matsawa tun ba ta cika ba. Ita horon mafitsara take buƙata, a haɗa da na tsoka. Mata da yawa suna da duka biyun.

Wata kuma ba fitsari ne ya dame ta ba. Nauyi take ji a ƙasan mara, kamar wani abu zai faɗo, ko ta taɓa ta ji ƙullutu mai laushi kamar ƙwai a bakin gabanta. Da safe babu, zuwa la'asar bayan ta wuni a tsaye sai ya sauko, in ta kwanta ya koma. Wannan zazzagowar mahaifa ce, ko bangon mafitsara ko na hanji da ya turo cikin farji. Idan bai fito waje sosai ba, horon tsoka yana rage nauyin da ake ji ƙwarai.

Akwai biyun da ba a fara musu da matsewa. Na farko, fitsarin da ke zuba dare da rana ba tsayawa, a kwance ko a tsaye, wanda ya fara bayan wahalar naƙuda ko bayan tiyata. Wannan yoyon fitsari ne, huda ce, kuma babu motsa jikin da ke rufe huda. Na biyu, zafi: zafi lokacin saduwa, ciwon ƙasan mara da ya daɗe, fitsarin da sai an jira kafin ya fara fita. Sau da yawa wannan tsoka ce da ta ɗaure ta kasa saki. Za mu dawo kansu.

Kafin komai, idan akwai zafin fitsari, jini a cikinsa, zazzaɓi, ko ƙishirwa mai yawa tare da yawan fitsari, a je a yi gwajin fitsari da na suga. Ƙwayar cuta a mafitsara da ciwon suga suna kwaikwayon waɗannan alamomi, kuma maganinsu daban.

Abin da likitar fisiyo za ta yi miki

Mutane sun fi sanin sashen fisiyo da sunan wurin gashi, inda ake kai mai shanyewar ɓarin jiki ko wanda aka cire wa filasta. Amma lafiyar mata reshe ne na wannan aiki. Manyan asibitocin koyarwa, irin su na Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato da na Maiduguri, duk suna da sashen fisiyo. Ki nemi likitan mata ko ungozomar asibiti su tura ki, ki kuma faɗa tun a bakin ƙofa cewa mace kike so ta duba ki. Haƙƙinki ne, kuma ba za a ga laifinki ba.

Za ta fara da tambayoyi: haihuwa nawa, yaya kowacce ta kasance, sau nawa kike sauya ƙunzugu ko audugar mata a rana, yaya bayan gidanki, wane aiki kike yi. Za ta iya ba ki takarda ki rubuta na kwana 3 duk abin da kika sha, lokacin da kika yi fitsari, da lokacin da ya zubo. Daga nan, idan kin yarda, za ta sa ki kwanta rigingine a lulluɓe, ta dubi wurin ta ce ki yi tari, ta ga abin da ya motsa. Sai ta sa safar hannu, ta shafa man santsi, ta sa yatsa ɗaya a farji ta ce ki matse. Da wannan yatsan take auna abubuwa huɗu: ƙarfin matsewar a ma'auni daga 0 zuwa 5, sakan nawa kike iya riƙewa, sau nawa kike maimaitawa kafin tsokar ta gaji, da ko tana saki gaba ɗaya bayan ta matse. Daga waɗannan lambobin ake yanka miki naki adadin. Wadda ke riƙe sakan 2 da wadda ke riƙe sakan 8 ba za su fara daga wuri ɗaya ba.

Wannan dubawar tana da muhimmanci saboda kusan mace 1 cikin 3, idan aka yi mata bayani da baki kawai, ba ta kama tsokar daidai a karon farko. Wasu ma turawa ƙasa suke yi suna zaton matsewa suke. A inda ake da kayan aiki, akwai na'urar da ke nuna ƙarfin matsewar a allo, da wata mai aika ɗan motsin lantarki ta farkar da tsokar da ta yi rauni har mai ita ba ta jin ta. Taimako ne kawai. Likitan mata ɗan Amurka da sunansa ya bi wannan motsa jiki, Arnold Kegel, tun a 1948 ya haɗa shi da abin aunawa don mace ta ga ko tana yi daidai, amma aikin kansa tsokarki ce za ta yi shi.

Yadda za ki kama tsokar

Ki yi fitsari tukuna. Ki kwanta rigingine a kan tabarma ko katifa mai tauri, ki tanƙwara gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, ƙafafu a ɗan buɗe. Ki ɗora hannu ɗaya a kan ciki, ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawu. Ki ja numfashi ki sake sau biyu ko uku har kafaɗunki su sauka.

Yanzu ki ƙaddara kina tsakiyar taron suna, iska ta taho miki, kina so ki riƙe ta ba tare da kowa ya ga kin motsa ba. Wannan tsukewar ta dubura ita ce mafari. Ki riƙe ta, ki kawo ta gaba kamar za ki tsayar da fitsari, sannan ki ja duka ciki da sama, kamar ana zuge bakin jaka ana ɗaga ta. Daga nan ki saki, ki ji wurin ya sauko ya buɗe. Sakin ma rabin aikin ne.

Hannuwanki za su gaya miki gaskiya. Idan ɗuwawu ya yi tauri ya ɗaga ki daga tabarma, ba ita kika kama ba. Idan cinyoyi suna haɗewa, ba ita ba ce. Idan cikin ya kumburo ya ture hannunki, ko kin tsinci kanki kin riƙe numfashi kina cije baki, turawa kike yi, kuma wannan ya fi rashin yi illa. Ɗan tsukewa a can ƙasan cibiya babu laifi. Dabara mai sauƙi ita ce ki riƙa ƙirga sakan ɗin a bayyane, domin mai magana ba ta iya riƙe numfashi.

Don ki tabbatar, ki jingina da matashi, ki riƙe ƙaramin madubi ki dubi fatar da ke tsakanin farji da dubura. Idan kin matse daidai za ki ga ta shige ciki. Idan ta bullo waje, ki tsaya ki sake farawa. Ko ki wanke hannu ki sa yatsa ɗaya kamar gaɓa biyu, ki ji an kama shi an ja shi sama. Tsayar da fitsari yana cikin zuba gwaji ne da za a iya yi sau ɗaya don gane wurin. Kada ki mayar da shi motsa jiki, domin yana rikita mafitsara ya sa ta daina juye abin da ke cikinta duka, ragowar fitsari kuwa gidan ƙwayar cuta ne.

Idan kin gwada kwana da kwanaki ba ki ji komai ya motsa ba, ki gwada a kwance ta gefe, ko ki sa matashi a ƙarƙashin ƙugu don nauyin ciki ya koma sama. In har yanzu shiru, kada ki ci gaba da lalube, ki je a duba ki.

Adadi da tsawon lokaci

Iri biyu ake yi a kowane zama. Na farko doguwar riƙewa: ki matse da iya ƙarfinki, ki riƙe iya sakan ɗin da za ki iya ba tare da matsewar ta zame ba, sannan ki saki ki huta daidai wannan tsawon ko fiye. Idan sakan 3 ne iyakarki, to 3 ɗin ne mafarinki. Ki maimaita sau 8 zuwa 12. Idan a na biyar kin ji babu abin da kike saki, wato tsokar ta riga ta saki da kanta, to ta gaji, ki tsaya nan. Biyar masu kyau sun fi ashirin na jeka-na-yi-ka. Kowane mako ko biyu ki ƙara sakan 1, har ki kai sakan 10 sau 10.

Na biyu mai sauri: matse da ƙarfi, saki gaba ɗaya, matse, saki, har sau 10. Doguwar riƙewa ce ke ɗauke da kayan ciki tsawon wuni, mai saurin kuma ita ce ke tare atishawa.

Sau 3 a rana, kowace rana. Zama ɗaya bai wuce minti 5 ba, kuma mantuwa ce babbar abokiyar gaba, don haka ki ɗaura shi a jikin abin da ba kya mantawa: bayan sallar asuba, bayan la'asar, bayan isha'i, tun ba ki tashi daga darduma ba. Mai shayarwa ta yi lokacin da jariri ke kan nono. Makonni biyu na farko a kwance, sannan a zaune, sannan a tsaye. Wannan matakin na tsaye kada ki tsallake shi, domin ba a kwance fitsarin ke zubo miki ba.

Yawancin mata kan fara ganin canji tsakanin mako 6 zuwa 8. Amma ba a yanke hukunci kafin wata 3 cikakku ga zubar fitsari, wata 4 ga zazzagowa, wasu ma sai sun kai wata 6. Mata da yawa suna bari a mako na uku su ce bai yi aiki ba, alhali tsoka ba ta ƙara kauri a mako uku. Bayan an samu sauƙi ba a dainawa gaba ɗaya, a mayar da shi zama ɗaya a rana, ko aƙalla sau 3 a mako, domin ƙarfin da aka daina nema yana komawa inda ya fito.

Matse kafin nauyi ya sauka

Wannan dabarar tana iya rage zubar tun a makon farko, kafin tsokar ta ƙara ƙarfi. Duk lokacin da kika ji atishawa ko tari na tahowa, ki riga shi: ki matse, ki riƙe har ya wuce, sannan ki saki. Haka kafin ki miƙe daga tabarma, kafin ki sunkuya ki cilla yaro a baya, kafin ki ɗaga taɓarya.

Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce. Idan kin sunkuya da miƙaƙƙun ƙafafu, kin riƙe numfashi kin fizge ta, duk wannan ƙarfin ƙasa yake tafiya ya sauka a kan tsokar da kike ƙoƙarin gyarawa. Ki matso kusa da jarkar, ki tanƙwara gwiwoyi, ki matse, ki ɗaga kina fitar da numfashi ta baki. Wanda ya fi ma, a raba ruwan bokiti biyu a yi sawu biyu. Mai zazzagowa ta tsara aikinta yadda masu nauyi za su zo da safe, da rana kuma ta samu minti 15 zuwa 20 ta kwanta da matashi a ƙarƙashin ƙugu.

Bayan gida da mafitsara

Macen da ke horon tsoka sau 3 a rana amma tana yunƙuri minti goma a bayi kowace safiya, tufka take yi ana warwarewa. Tsugunon da muka saba a masai yana da kyau, domin gwiwoyi na sama da ƙugu, hanyar kuma tana miƙewa. Mai masan zama ta sa ƴar kujera a ƙarƙashin ƙafafunta, ta ɗan sunkuyo ta dafa gwiwoyi. Ki bar ciki ya saki ya fito gaba, ki riƙa fitar da numfashi a hankali, kada ki datse shi ki yi nishi kamar mai haihuwa. Idan bai zo ba cikin minti 5, ki tashi, ya dawo da kansa. Miyar kuɓewa da ta kuka, zogale, alayyafo, wake, gwanda da dabino suna tausasa shi. Mai ciki ta sani cewa maganin ƙarin jini yana iya taurara bayan gida. Kada ta daina sha, ta faɗa a wurin awo a ba ta abin da zai taimaka.

Kuskuren da kusan kowace mai zubar fitsari ke yi shi ne rage shan ruwa. Fitsarin sai ya yi kauri ya yi ja, ya riƙa tsikarar mafitsara, matsuwar ta ƙaru, bayan gida kuma ya bushe. Ki sha lita 1.5 zuwa 2 a rana, wato ledar ruwa 3 zuwa 4, fiye da haka a lokacin zafi ko shayarwa, a rarrabe cikin wuni, ki kuma tsagaita awa 2 kafin barci. Shayi mai kauri, kofi, lemon kwalba mai gas da goro suna tayar da mafitsara. Ki rage su na mako biyu ki gani ko akwai bambanci.

Lafiyayyar mafitsara tana ɗaukar kusan cikin ledar ruwa ɗaya, kuma zuwa bayi sau 6 zuwa 8 a wuni, da sau ɗaya cikin dare, ba matsala ba ne. Idan takardarki ta nuna kina zuwa duk bayan minti 45, ki fara daga nan, ki ƙara minti 10 zuwa 15 duk mako, har ki kai awa 3. Idan matsuwar ta taso kafin lokaci, kada ki ruga, gudu yana ƙara ta. Ki tsaya cak ko ki zauna a kan abu mai tauri, ki yi matsewa mai sauri sau 5 ko 6, ki ja numfashi a hankali, ki ɗauke hankalinki da ƙirga daga 50 zuwa baya. Matsuwar kan yi sama ta sauko cikin minti ɗaya ko biyu. Sai ki taka a natse. Ki kuma bar al'adar "bari in yi kafin ya zo", domin ita ke koya wa mafitsara kuka tun tana rabi. A ba wannan horon aƙalla mako 6.

Ciki da jego

Mai lafiyayyen ciki za ta iya farawa tun a watannin farko, kuma waɗanda suka fara da wuri sun fi tsira daga zubar fitsari a ƙarshen ciki da bayan haihuwa. Tsoron da ake yi cewa tsokar za ta yi tauri ta hana jariri fita ba shi da tushe, muddin ana koyon saki tare da matsewa. Idan ciki ya girma a yi a kwance ta gefen hagu ko a zaune.

Bayan haihuwa, da zarar an cire robar fitsari idan an sa, kuma fitsari yana fita daidai, a fara da matsewa mai taushi ta sakan 1 ko 2, ko da an yi ɗinki. Ba ta warware ɗinki, tana ma taimaka wa jini ya zagaya kumburi ya sauka. Kwanakin farko wata ba za ta ji komai ba, wannan ba abin tsoro ba ne. Wadda aka yi wa tiyata ita ma ta yi, domin cikin kansa ya riga ya gajiyar da tsokar. Lokacin bayan gida na farko, ta naɗe tsumma mai tsabta ta dafe wurin ɗinkin da hannu.

Hutun arba'in da iyayenmu suka tsare abu ne mai kyau ƙwarai, kuma ya yi daidai da mako 6 da naman wurin ke buƙata: ba daka, ba jan guga, ba ɗaukar abin da ya fi jaririn nauyi. Abin da za a gyara shi ne ɗaure ciki tamau da zani, wanda ke tura kayan ciki ƙasa kan tsokar da ba ta warke ba, da zama cikin ruwa mai ƙuna. Ruwa mai ɗumi da gwiwar hannu za ta iya jurewa ya isa. Magungunan matsi da ake cusawa kuwa fatar ciki kawai suke busarwa ta takure na ɗan lokaci. Ba sa kaiwa ga tsoka, kuma suna jawo ƙuna, ƙaiƙayi da tabo. Matsin da ke ɗorewa daga tsokar yake fitowa.

Idan bayan haihuwa iska ko bayan gida na kuɓuce miki, musamman in ƙaruwar ta kai kusa da dubura, kada ki jira arba'in, ki koma asibiti.

Idan tsokar ta ɗaure

Amaryar da duk lokacin da mijinta ya kusance ta sai wurin ya rufe kamar bango, da mai jegon da ke jin zafi wata shida bayan ɗinki ya warke, ba taurin kai suke yi ba. Tsokar ce ke ƙanƙamewa da kanta saboda tana jiran zafi, zafin kuma yana ƙara mata ƙanƙamewa. A nan a ajiye matsewa. Ki kwanta, ki sa matashi a ƙarƙashin gwiwoyi, ki ja numfashi ta hanci har ciki ya taso, ki ƙaddara ƙasusuwan zamanki suna nisantar juna, wurin yana buɗewa. Minti 5 zuwa 10, sau 2 a rana. Likitar fisiyo tana sassauta wuraren da suka ƙulle da yatsa, tana kuma koyar da amfani da wasu sandunan roba masu santsi da ke zuwa girma-girma, a fara da mafi ƙanƙanta, a ƙara sai wanda ake kai ya daina zafi. Maigida yana da rabo a wannan jinyar: haƙuri, man santsi, da tsayawa idan an ce akwai zafi. Tilastawa tana mayar da aikin wata guda baya a dare ɗaya. Kuma kada a kai yarinya wurin wanzami ko ungozomar gida a yi mata yankan gishiri da sunan buɗe hanya. Askar tana iya huda mafitsara, a je neman maganin zafi a dawo da yoyon fitsari.

Yoyon fitsari

Idan kan jariri ya daɗe a maƙale, yana danne naman da ke tsakanin farji da mafitsara a jikin ƙashi har jini ya daina kai masa. Bayan ƴan kwanaki naman ya mutu ya faɗi, huda ta bayyana. Saurin zuwa asibiti yana da amfani sosai, domin ƙaramar huda sabuwa tana iya rufewa idan aka sa robar fitsari ta zauna makonni. Sauran sai tiyata, kuma akwai cibiyoyin da aikinsu ke nan, kamar ta Babbar Ruga a Katsina, cibiyar Laure da ke asibitin Murtala a Kano, da ta Danja kusa da Maraɗi. Fisiyo na shigowa ta wuri biyu. Wasu matan naƙudar ta danne musu jijiyar ƙafa, suna jan ƙafar ba sa iya ɗaga yatsu, suna buƙatar motsa jiki da takalmin tallafi. Wasu kuma an rufe hudar lafiya amma fitsari na ci gaba da ɗiga lokacin tari ko tafiya saboda marufin mafitsarar ya raunana. Su ne za su bi horon da aka bayyana a sama, bayan likitan da ya yi aikin ya ba da izini, tare da kiyaye watannin da ya ce a ƙaurace wa saduwa, da haihuwa ta gaba a asibiti.

Idan wata 3 sun cika babu canji

Ki sake cike takardar kwana 3 ki ajiye ta kusa da ta farko, domin sau da yawa akwai sauƙin da ba a lura da shi ba: auduga 4 ta koma 2, tashin dare 3 ya koma 1. Idan da gaske babu, a sake duba ko tsokar da ake so ce ake kamawa, ko ana yi kullum, ko an taɓa ƙara sakan ɗin, ko akwai tari ko taurin bayan gida da ba a magance ba. Mai ƙiba ko kaɗan ta rage tana ganin bambanci. Wadda al'adarta ta ɗauke, likita na iya ba ta man shafawa na cikin farji da ke mayar wa naman wurin laushi, amma duk jinin da ta gani bayan ɗaukewar al'ada sai an bincika shi tukuna. Ga zazzagowa akwai zoben roba da ake aunawa a sa a farji ya tallafi mahaifa, ana cire shi a wanke a duba wurin duk bayan wata 4 zuwa 6. Idan abin ya fito waje har yana gogar zani yana rauni, ko fitsari ba ya fita sai an tura abin ciki da yatsa, wannan na likitan mata ne, kuma wataƙila tiyata. Idan kina da niyyar sake haihuwa ki faɗa masa tun kafin a sa ranar aiki, domin wannan yana canza irin aikin da zai zaɓa.